Yadda Ake Koyar da Halin Igiya da Halin Ƙwaya na Haske da Ilektiron ta Manhajar Kwaikwayo

Duk wanda ya taɓa koyar da fiziks ya san darasin da aji ke yin tsit. Makon jiya an koyi cewa haske igiya ce, wato yana yaɗuwa kamar igiyar ruwa, an rubuta, an yi lissafi. Yau kuma malam ya shigo yana cewa haske ƙwayoyi ne da ake kira foton, har ma ilektiron da kowa ya sani a matsayin ƙwaya yana da halin igiya. Sai wani mai ƙarfin hali ya ɗaga hannu: "Malam, to wanne za mu rubuta a jarrabawa?" In aka ce masa duka biyun, zai haddace, ya ci maki, ya fita bai san abin da ya rubuta ba.

Laifin ba nasa ba ne. Gwajin da ke kwance wannan ƙulli, wato harba ilektiron ɗaya bayan ɗaya zuwa ga tsaga biyu, yana buƙatar kayan aikin da makarantar sakandare ba ta da su, jami'o'i da yawa ma haka. Manhajar kwaikwayo ce ke cike giɓin. Sai dai kallonta kawai ba ya koyar da kowa. A 2004 Eric Mazur da abokan aikinsa na Jami'ar Harvard sun wallafa binciken da ya nuna cewa ɗaliban da suka zauna suka kalli gwaji ba su ɗara waɗanda ba su gan shi ba da wani abin a zo a gani, amma waɗanda aka sa su faɗi abin da suke tsammani kafin a yi gwajin sun fi kama bayaninsa. Don haka ƙa'ida ɗaya ce ke riƙe da duk matakan nan: kada kowa ya taɓa madanni sai ya rubuta hasashensa a takarda.

Abin da za ka tanada

Manhajojin da na fi yarda da su su ne na PhET, shirin Jami'ar Colorado da ke Boulder a Amurka, wanda Carl Wieman ya kafa a 2002, shekara guda bayan ya samu lambar yabo ta Nobel. Kyauta suke. Uku za ka nema: Wave Interference, da Photoelectric Effect, da Quantum Wave Interference. Ta farkon tana buɗewa a waya ko kwamfuta, kuma ana iya sauke ta a yi aiki ba intanet. Sauran biyun da Java aka fara rubuta su, sukan yi nauyi wajen buɗewa, saboda haka ka gwada su a kan ainihin kwamfutar da za a yi darasi da ita tun ana gobe.

Ɗalibai biyu ko uku a kwamfuta ɗaya ya fi kowa da tasa, domin gardamar da ke tsakaninsu rabin darasin ce. In kwamfuta ɗaya ce tak da majigi, ka miƙa wa ɗalibi linzamin, kai ka koma bayan aji kana tambaya. Ka ware darasi uku. In da hali ka zo da ƙaramar fitilar leza.

Mataki na farko: su san igiya da idonsu

Ba a cewa ilektiron yana da halin igiya ga wanda bai san alamar igiya ba. Buɗe Wave Interference, ka zaɓi ruwa, ka kunna famfo biyu suna ɗiga. Tambaya ɗaya: akwai inda ruwa ke kwance shiru alhali igiya biyu suna bi ta wurin? Ka bar su su nemo. Za su ga layukan da ruwan bai motsi, inda tudun wannan igiya ya haɗu da kwarin waccan suka soke juna.

Sannan a koma haske, a sa shinge mai tsaga biyu. Kafin a kunna fitilar, kowa ya zana abin da yake ganin zai fito a allo. Yawancinsu sanduna biyu na haske za su zana, kowace tsaga da nata. Da an kunna, sai ga ratsin haske da ratsin duhu a jere, sun fi biyu nesa ba kusa ba. Daga nan sai su yi ta hasashe suna gwadawa: in aka matso da tsagar biyu kusa da juna, ratsin zai buɗe ko zai matse? In aka sauya ja zuwa shuɗi fa? Akwai tef ɗin awo a cikin manhajar, su auna. Sai bayan sun gano da kansu za ka rubuta ƙa'idar: tazarar ratsi ita ce tsawon zango (wato tazarar da ke tsakanin tudun igiya da na gaba) a ninka da nisan allo, a raba da tazarar tsaga. Jan haske mai zangon nanomita 650 (nanomita kashi ɗaya ce cikin biliyan na mita), tsaga biyu da ke da milimita 0.25 a tsakani, allo a nisan mita 2, zai ba da ratsi mai tazarar milimita 5.2.

In kana da leza, ka miƙe silin gashi ɗaya a gabanta, ka haska bango a ɗaki mai duhu. Ratsin zai fito a zahiri, su san cewa ba zanen kwamfuta ba ne. Kada a haska idon kowa. Wannan alama ce Thomas Young ya nuna a Ingila a farkon shekarun 1800, bayan an shafe kusan ƙarni guda ana bin ra'ayin Newton na cewa haske ƙananan ƙwayoyi ne.

Kafin a tashi, a yi wani ɗan gwaji da za a buƙace shi daga baya. A toshe tsaga ɗaya, a sa alama a wani wuri a allo da haske ke kaiwa, a buɗe ta biyun, a ga wurin ya koma duhu. Kowa ya rubuta: an ƙara hanya, amma hasken da ke isa wurin nan ya ragu.

Mataki na biyu: igiya ta gaza

Yanzu da suka gamsu, sai a girgiza su. A Photoelectric Effect akwai fitila tana haska farantin ƙarfe a cikin kwalbar da aka zuƙe iskarta, da wani faranti na biyu da ke fuskantarsa, da batir, da ma'aunin lantarki. Zaɓi sodiyam. Ka sa jan haske na nanomita 700, ƙarfinsa ƙasa-ƙasa. Babu ilektiron da ke fita. Tambaye su: in na ƙure ƙarfin hasken, me zai faru? Wanda ya fahimci darasin baya zai ce ilektiron zai fita, tunda igiya mai ƙarfi ta fi kuzari. Wannan amsa ce mai hankali, ka faɗa musu haka. Sannan a ƙure. Ko ɗaya bai fito ba.

A rage ƙarfin ya koma kaɗan, a riƙa jan zangon zuwa gajere a hankali. Wajen nanomita 540, cikin koren haske, ilektiron zai fara ɓallewa daga farantin. Haske mai rauni ya yi abin da mai ƙarfi ya kasa. Ka ba su lokaci su ji nauyin wannan, kada ka yi gaggawar bayani.

Sai su cike jadawali da kansu: ƙara ƙarfin haske yana ƙara yawan ilektiron, bai ƙara musu gudu, gajarta zango ne ke ƙara gudun. Da zink kuwa, duk hasken da ido ke gani ba ya fitar da komai, sai an gangara ƙasa da nanomita 290. A nan ne za ka kawo bayanin da Albert Einstein ya bayar a 1905, wanda ya sa aka ba shi Nobel ta 1921: haske yana miƙa kuzarinsa ne dunƙule-dunƙule, foton ɗaya ga ilektiron ɗaya, kuma girman dunƙulen ya dogara ga zango. Lissafin mai sauƙi ne, a raba 1240 da zangon a nanomita, a samu kuzarin foton a ma'aunin eV, wato kuzarin da bolt ɗaya ke ba ilektiron. Sodiyam na buƙatar kusan 2.3. Jan foton na 700 yana da 1.8 kawai. Mutum dubu da kowannensu ke iya tsallen mita ɗaya ba za su tsallake katangar mita biyu ba, komai yawansu.

Ga aikin da ke tabbatar da sun gane. Foton na nanomita 400 yana da 3.1, a cire 2.3, saura 0.8. Su yi hasashen cewa in aka juya batir ya kai kusan bolt 0.8 a baibai, ilektiron mafi gudu ma zai juyo bai isa ɗaya farantin ba. Su gwada. Ganin ilektiron ya kusa isa ya komo ya fi shafi guda na bayani. A cikin zaɓuɓɓukan manhajar akwai wanda ke nuna foton a matsayin ɗige-ɗige suna fitowa daga fitila. Ka kunna shi na ɗan lokaci, amma ka gaya musu zane ne na taimako, babu wanda ya taɓa ganin foton yana tafiya.

Mataki na uku: ɗaya bayan ɗaya

Nan ne zuciyar darasin, kuma a nan ya kamata ka kashe mafi yawan lokacinka. Buɗe Quantum Wave Interference, ka shiga ɓangaren harba ƙwaya ɗaya-ɗaya, ka sa tsaga biyu. Ni na fi son a fara da ilektiron maimakon foton, domin ɗalibai ba su da shakka cewa ilektiron ƙwaya ce, mamakin ya fi kama su.

Tambaya ta farko: za mu harba ilektiron guda ɗaya, me za mu gani a allo? Wasu za su zana ɗigo ɗaya, wasu ratsi mai dishi-dishi. A harba. Ɗigo ɗaya ne, a wuri ɗaya, cikakke, ba rabi ba. Tambaya ta biyu: ina na gaba zai sauka? Kowa ya sa yatsa a inda yake zato. A harba. Ya sauka wani wuri dabam. A maimaita har sau goma da hannu, kada a sa harbi mai sarrafa kansa tukuna. Allon zai zama kamar ba shi da tsari, ɗigo nan, ɗigo can. Wani zai ce, "Malam, kara-zube ne kawai." Ka amsa masa cewa ya zuwa yanzu yana da gaskiya.

Tambaya ta uku ita ce babba: in muka harba dubbai fa? Su zana. Da yawa za su koma ga tsibi biyu, kowace tsaga da nata a bayanta, kamar yadda zai kasance in ƙananan duwatsu aka watsa. Sai a sa harbi mai sauri, a yi shiru. Da farko ba a ganin komai sai tarin ɗige-ɗige. Can sai wani ya lura akwai wuraren da ɗigo ba ya sauka. Sannu a hankali wuraren nan su zama layukan duhu, tsakaninsu ya cika, ratsin darasin farko ya bayyana, kowane ratsi kuwa ɗige-ɗige ne zalla.

Kafin ka ce komai, wani zai kawo mafita: ilektiron ɗin suna karo da juna ne a hanya. Ka mayar masa da tambaya: lokacin da muke harbawa da hannu, nawa ne a hanya a lokaci guda? Ɗaya. Da wa zai yi karo? Wani kuma zai ce ya rabu biyu ne, rabi ya bi nan rabi ya bi can. To ina rabin ɗigo a allo? Ka bar su su ƙare duk dabarunsu, domin masana ma sun bi ta waɗannan hanyoyi.

Sannan a ɗauko jimlar da aka rubuta a darasin farko. A toshe tsaga ɗaya, a share allo, a harba da yawa, ratsin nan na tsaga biyu ya ɓace, ɗige-ɗigen su bazu. A sa alama a wurin da ilektiron ke sauka, a buɗe ta biyu, a ga ya daina zuwa wurin. In da kowane ilektiron tsaga ɗaya yake bi kamar dutse, buɗe wadda bai bi ba ba za ta hana shi isa ko'ina ba.

Yanzu ne za ka ba su harshen da za su faɗi abin. Max Born ya bayar da shi a 1926: igiyar ba ta faɗin inda ilektiron zai sauka, tana faɗin yiwuwar samunsa a kowane wuri. Inda igiyar ta ƙarfafa, ɗigo ya yi yawa. Inda ta soke kanta, babu. Ga jimlar da nake so ta zauna musu: wajen yaɗuwa lissafin igiya yake bi, wajen sauka a wuri ɗaya ake samunsa. Wannan ta fi "wani lokaci igiya, wani lokaci ƙwaya", domin a gwaji ɗaya, a allo ɗaya, an ga duka biyun. A sauya ilektiron zuwa foton, zuwa niyutiron, zuwa zarrar hiliyam, su ga labarin bai sauya ba.

Mataki na huɗu: a sa mai gadi a tsaga

Ɗalibi mai kaifin kai zai ce, me ya sa ba za mu duba ta inda ya bi ba? Manhajar tana ba da damar sa na'urar ganowa a tsaga. Hasashe tukuna, sannan a kunna, a share allo, a tara ɗige-ɗige. Ratsin ya tafi. A kashe na'urar, ya dawo.

A nan ake yawan ɓata darasi, kuma ina roƙon malamai su kiyaye. Kada ka ce ilektiron ya san ana kallonsa. Ba shi da sani, kuma idon mutum ba ya cikin lissafin. Na'ura ba ta gano ilektiron sai ta yi mu'amala da shi, kuma da zarar an bar wata alama a ko'ina da ke bambanta hanyar hagu da ta dama, hanyoyin biyu sun daina haɗuwa su ba da ratsi, ko wani ya karanta alamar ko bai karanta ba. Ka tambaye su: in muka kunna na'urar muka fice daga ɗakin, ratsi zai dawo? A'a.

Mataki na biyar: lissafin de Broglie

A 1924 Louis de Broglie na Faransa ya ce kowane abu mai motsi yana da zango: a raba lambar Planck, 6.63 × 10⁻³⁴, da nauyin abin a ninka da gudunsa. Su yi hasashe: in aka ƙara gudun ilektiron, ratsi zai matse ko zai buɗe? Gudu ya ƙaru, zango ya gajarta, ratsi ya matse. Su gwada a manhaja.

Ka ba su lissafi biyu. Ilektiron mai kuzarin eV 54 yana da zangon kusan nanomita 0.167, wanda ya yi kusa da tazarar da ke tsakanin ƙwayoyin zarra a cikin ƙarfe. Shi ya sa a 1927 Clinton Davisson da Lester Germer suka ga alamar igiya da suka harba irin wannan ilektiron kan nikel, ya fi yawa a kusurwar digiri 50. Ƙwallo mai nauyin kilo 0.4 da ke gudun mita 20 a daƙiƙa kuwa, zangonta kusan mita 8 × 10⁻³⁵ ne, babu tsagar da za ta iya nuna shi. Wannan ke amsa tambayar da kullum ke zuwa, ta me ya sa ba ma ganin haka a rayuwar yau da kullum. Wani abin da ɗalibai ke jin daɗinsa: J. J. Thomson ya gano ilektiron a matsayin ƙwaya a 1897, ɗansa George Thomson kuma ya raba Nobel ta 1937 da Davisson saboda nuna halinsa na igiya.

Ka faɗa musu iyakar manhajar

Manhaja tana nuna abin da aka rubuta mata ne, ba hujja ba ce. Ɗalibin da ya ce "ai kwamfuta ce aka tsara ta yi haka" ya yi tunanin masanin kimiyya, kuma ya cancanci amsa. Claus Jönsson ya yi gwajin tsaga da ilektiron a Jamus a 1961. Masana uku a Bolonya ta Italiya, Merli da Missiroli da Pozzi, sun nuna taruwar ratsi daga ilektiron ɗaiɗai a shekarun 1970. A 1989 Akira Tonomura da tawagarsa a kamfanin Hitachi na Japan sun ɗauki hotunan da aka fi sani, inda ɗige-ɗige kaɗan suka zama dubun dubata har ratsi ya fito. Sun yi amfani da siririyar waya mai caji a madadin tsaga biyu. Akwai bidiyonsa a intanet, ka nuna shi bayan manhajar, ba kafinta ba. A 1999 kuma a Biyana ta Austiriya, tawagar Anton Zeilinger ta ga wannan hali a dunƙulen zarrar kabon 60.

Sai kuma gajimaren hasken nan da manhajar ke nunawa yana tafiya daga bindigar da ke harba ƙwayoyin zuwa allo. Zanen lissafi ne. A ɗakin gwaji ɗigon ƙarshe kaɗai ake gani. In ba ka faɗa ba, za su ɗauka ilektiron ne ya narke ya bazu. Ka lura kuma da masu zana ilektiron yana tafiya a lanƙwashe sama da ƙasa. Wannan kuskure yana da taurin kai, kuma ba ya fitowa fili sai ka sa su zane.

Yadda za ka gane sun fahimta

Kada ka tambaye su ma'anar kalma. Ka rufe kwamfuta, ka ba su yanayi. An harba ilektiron 5 kacal ta tsaga biyu, zana allon; an harba 50,000, zana shi. An rage ƙarfin haske har foton ɗaya ke wucewa a daƙiƙa, an bar faranti mai ɗaukar hoto kwana guda, me za a gani? An ninka ƙarfin jan haske sau goma a kan zink, ilektiron nawa zai fita? An musanya ilektiron da niyutiron mai gudu iri ɗaya, ratsi zai matse ko zai buɗe, kuma don me?

Wajen ba da maki, dalili ya fi amsa nauyi. Wanda ya zana ratsi mai dishi-dishi a tambayar ilektiron 5 bai riƙe halin ƙwaya ba, ka mayar da shi harbi da hannu. Wanda ya zana tsibi biyu a ta 50,000 bai riƙe halin igiya ba, ya sake gwajin toshe tsaga ɗaya. Ka karɓi takardun hasashensu na farko ka mayar musu tare da wannan aikin, kowa ya rubuta layi biyu a ƙarƙashin hasashen da bai yi daidai ba, yana faɗin abin da ya gani a allo da ya sa ya sauya ra'ayi.